Yarinyar da Aka Kawo daga Agye

Gazawa, 3 ga Disamba 1984

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na gadi a Zariya. Yaya sanyi, yaya baƙunta? Idan ka tambayi tawa lafiyar, kalau nake, sai dai kewarka. Wasiƙarka ta iso ta hannun Ɗanlami direba, ta sha gumi a cikin hularsa, don iyaka har yanzu a rufe take, ta daji yake bi. Na karanta ta, ko in ce na yi kokawa da ita. Tun muna lakol, makarantar boko, a Agye malamin ajinmu yake kuka da rubutunka, ga shi har yau bai shiryu ba.

Ka ce in ba ka labarin aikin. Kawu Ado ya cire dogon teburin nan na kantinsa da ka sani. Ya ga yadda ake yi a wani babban kanti a Kano, ya dawo ya ce shi ma haka zai yi: mutum ya shiga ya ɗauki abin da yake so da hannunsa, ya zo bakin ƙofa ya biya. To bakin ƙofar nan ni ce. Ina da kujera mai dogayen ƙafafu da wani tsohon injin kuɗi mai hannu a gefe irin na keken ɗinki. Ka danna, ka juya hannun, ya kaɗa ƙararrawa, aljihunsa ya fito ya buge ka a ciki in ba ka matsa ba. Ni kuwa nawa cikin ya fara tasowa, shi ya sa na koyi zama a karkace. Wurin ana ce masa kes, ni kuma duk gari an mai da ni Batulu mai kes.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, mai kes tana ganin cikin gidan kowa ba tare da ta shiga ba. Waɗanda bara suke sayen sukari da sabulu mai ƙamshi, bana gishiri ne da ashana. Mutum zai ɗauko kwalin shayi, ya iso gabana, ya tsaya, ya koma ya ajiye shi kamar ya tuna wani abu. Tsofaffi da haƙori suke kwance bakin zane. Wasu kuɗin warin ƙasa suke yi, ka san daga rami aka tono su. Jiya wata ta ajiye mini awarwaronta biyu a kan tebur, na ce mata injin ba shi da aljihun awarwaro, ta yi dariya, ta kwashe, ta fita. Ni dai ban yi dariyar ba.

Yanzu an ba kantin Kawu jar dawa ta taimako, ya riƙa sayarwa da sauƙi duk ranar kasuwa. A cikin kasuwa tiya ɗaya ta ninka kuɗin tamu sau uku. Dokar ita ce, maigida ne zai zo da ƙafarsa, ba aike, kuma sau ɗaya a rana. Magaji mai unguwa yana zaune daga damana yana shaida mutane, Sanda ma'aikacin Kawu yana awo daga ciki, ni ina karɓar kuɗi. Kawu ya ce ni ya sa a nan don ba na manta fuska, ko mutum ya sake hula ya dawo sai na gane shi.

Iyayenka, su Baffa, sun sauko daga arewa, sun kafa bukkoki bayan gari, wajen tsohuwar rijiya ta hanyar Tasawa. Na je na gai da Inna. Shanun sun ƙare, maigida, ba zan ɓoye maka ba. Waɗanda suke iya tafiya mijin ƙanwarka Dija ya kora su kudu, ya bar ta nan da yara biyu. Abin da ya rage wa Baffa awaki ne kaɗan da saniyarka Wule. Ta rame, nononta ya kafe, amma tana tsaye da ƙafafunta. Ka ce kada a sayar da ita ko me zai faru, na kuwa isar wa Inna da saƙon. Baffa ban gan shi ba. Kamar kullum, yana hango ni ya zagaya bayan bukka, kunyar surukuta irin taku ta Fulani, ni ma na kawar da kai.

Ka riƙa rufe ƙirjinka da dare. Ina gaishe ka ƙwarai.

Matarka,
Batulu

Gazawa, 21 ga Disamba 1984

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, da fatan tarin da ka ambata ya sake ka. Ni lafiya lau, abin cikina ma ya fara motsi. Amma na yi ɓarna, gara ka ji daga bakina kafin Ɗanlami ya ƙara mata gishiri.

Ranar kasuwar da ta wuce layi ya kai har rumfar masu faci. Ina cikin aiki na ɗaga kai, sai ga Baffa can tsakiyar layi, da malfarsa, da ƙwarya a hammata, da sanda a kafaɗa. Ashe ya sayar da awakin ne ya zo awo. Ina jin bai san ni ce a bakin ƙofa ba, ko kuwa ya sani ya daure. Ni dai abin da na gani shi ne uban mijina tsaye cikin rana a bayan yaran da ya girme wa iyayensu.

Ka san yadda aka rene ni. A gidanmu in suruki ya zo, tabarma ake shimfiɗa masa, a durƙusa, a kawo ruwa. Ban yi wani tunani ba. Na sauko daga kujera, na ratsa mutane, na durƙusa a gabansa cikin ƙasa na gaishe shi. Na ce wa mutane su ba shi hanya, Baffana ne. Na karɓi ƙwaryar daga hannunsa na miƙa wa Sanda, na ce a cika ta a yi mata tozo. Abin bai ishe ni ba, har na ƙara da cewa ya mai da kuɗinsa aljihu, ni zan biya. Duk wannan da ƙarfi, don a ji, ina ganin girma nake ba shi.

Ya ja malfarsa ta rufe masa ido, ya juya, ya fita daga layin yana tafiyarsa ta yau da kullum, ba sauri. Ƙwaryar tana hannun Sanda cike da dawa. Wani daga cikin layi ya ce Allah ya yi mini albarka, wata ta ce ka ga ɗiyar kirki. Sanda kaɗai ya dube ni ya girgiza kai. Shi ma a da makiyayi ne, tun farin da aka yi shekaru goma da suka wuce ya rasa nasa shanun ya shigo gari. Da aka tashi ya ce mini, a hankali, na tuɓe dattijo a tsakiyar kasuwa. Mutumin da bai taɓa yarda matar ɗansa ta ga yana shan ruwa ba, yau duk Gazawa ta ga tana ciyar da shi.

Da yamma na kai ƙwaryar da kaina. Inna ta karɓa ta shiga da ita bukka. Washegari Dija ta dawo mini da ita yadda take, ko tozon bai faɗa ba. Ta ce Baffa ya ce a mayar, ba ta san abin da za ta ƙara ba.

Shekara uku ina aurenka, ina taƙamar na san mutanenka. Na iya dama fura yadda Inna take so, na iya gaisuwar Fillanci har kuna yi mini dariya. Ga shi rana ɗaya na zubar. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina nake fushi, ba da shi ba. In kana da dabara ka rubuto da wuri, ko da rubutun naka ne.

Taka,
Batulu

Gazawa, 27 ga Janairu 1985

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta masu gidan da kake yi wa aiki. Saƙonka ya iso, atamfar ta yi kyau, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na ga ka ce in bar Baffa, zai huce da kansa. Maigida, ba fushi yake yi ba, da fushi ne da an ba shi haƙuri.

Tun ranar nan bai sake tako ƙofar kanti ba. Kasuwa nawa ta ci, ina duba layi tun daga farko har ƙarshe, babu malfarsa. Kuɗin awakin da za su kai su har bazara a farashinmu, a cikin kasuwa ya kashe su wajen ƴan sari, suna auna masa da tsada suna kuma shafe bakin tiya. Yanzu sun ƙare. Dija ta zo ta roƙi Magaji ya bar ta ta auna a madadinsa. Ya ce da mijinta rasuwa ya yi da ya bari, amma gidan yana da namiji, in ya buɗe wannan ƙofar gobe kowa matarsa da ɗiyarsa zai turo, dawar ba za ta kai azahar ba. Ban ga laifinsa ba.

Ina raba nawa rabon na aikin kanti biyu, ina ba Dija a ɓoye, tana dafa wa yara idan Baffa ya tafi neman wa Wule ciyawa. Amma rabon mutum ɗaya ne, ni ma ba ni kaɗai ba ce yanzu. Sauran abincinsu anza ce, ƴaƴan itacen dajin nan. Su jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, su tafasa, su ci. Haladu, ƙaramin na Dija, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Da in na je da gudu yake tarye ni yana neman alewa a jakata, yanzu yana zaune ne kawai yana bin mutum da ido.

Na roƙi Kawu ya sa wani a kes ranar kasuwa. Ya ce wa zai sa? Shi idonsa ba ya ganin lambobin injin, Sanda bai yi lakol ba, kuma ya taɓa gwada wani ɗan ƙanensa aka ci su da sake hula. Na ce to a rataya asabari tsakanina da mutane, hannu kawai a riƙa gani. Ya yi dariya har da tari, ya ce don idona ya ɗauke ni, in zan rufe shi gara ya ɗauki makaho. Na ce zan bar aikin. Ya ce in bari mana, sai mu zama gida biyu masu cin anza. Na tsani maganar, amma gaskiya ya faɗa.

Shekaranjiya Inna ta zo da kanta, ita da ba ta son shiga gari. Ta same ni ina shara bayan an rufe. Ta ce Baffa ya fara maganar su kama hanyar kudu da ƙafa, su bi sawun mijin Dija. Ni da ita duk mun san Haladu ba zai kai ko iyaka ba. Ta zagaya injin tana dubansa, ta taɓa hannun, ta tambaye ni ko yana gane mutane. Na ce a'a. Ta ce ko sarki ya zo? Na ce ko sarki ya zo kuɗin da aka danna masa zai nuna. Sai ta ce:

“To ɗiyata, ki zama shi. Na ce wa tsohon an cire ki, an kawo wata yarinya daga Agye, mai kama da ke. In kin ga ƙafarshi, ba ki san shi ba.”

Na ce Inna, ai zai gane ni. Ta dube ni kamar yadda kake dubana in na ce saniya ja ce alhali tana da wani sunan a wurinku. Ta ce shi da ke gane saniyarsa cikin garke ɗari da duhun asuba, ni ce ba zai gane ba?

Ban san ko zai zo ba, ban kuma san da me zai biya ba. Abin da ya fi damuna shi ne ko zan iya. Ka taya mu da addu'a.

Matarka mai kewarka,
Batulu

Gazawa, 6 ga Fabrairu 1985

Maigidana,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, Allah ya sa aiki da sauƙi. Mu nan mun gode Allah. Ka zauna kafin ka karanta wannan, akwai mai daɗi a ciki, akwai marar daɗi, kuma a haɗe suke ba zan iya raba maka su ba.

Ranar kasuwa da safe, muna buɗe ƙofa, na ga an wuce da Wule ta gaban kanti an nufi kara, kasuwar dabbobi. Wani dillali ne yake jan ta, Baffa yana biye a baya. Sau biyu ta tsaya, sau biyun ya dafa gadon bayanta ta ci gaba. Na tuna saƙonka, na tuna ka ce jikar saniyar da ya ba ka ce ranar sunanka. Ina iya fita in tare su, amma ban fita ba. Na zauna na buɗe aljihun injin na shirya ƙananan kuɗi.

Sai da rana ta take sannan na hango malfar a ƙarshen layi. Tun da safe na gaya wa Magaji da Sanda abin da Inna ta shirya, ban gaya wa kowa ba bayan su. Amma ka san Gazawa. Mutanen da wancan karon suka sa mini albarka, yau ba wanda ya juya ya dube shi, ba wanda ya ce dattijo wuce gaba. Wani ɗan tireda ma har ya ɗan ture shi da kafaɗa, na tabbata da gangan ya yi. Baffa ya bi layi kamar kowa, rana tana dukansa, ni ina danna inji ina juya hannu.

Da ya iso, Magaji, wanda suka san juna tun ba a haife mu ba, ya tambaye shi sunansa da inda ya sauka da yawan bakin da yake ciyarwa. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Sanda ya auna masa, ya sa tafin hannu ya shafe bakin tiya, ko ƙwaya bai bar masa gyara ba. Baffa ya ɗauko gishiri ƙulli ɗaya da kansa. Ya zo gabana.

Ban sauko ba, ban gaishe shi ba. Ina zaune a sama, uban mijina yana tsaye a ƙasa. Na dubi ƙwaryar, na danna, na juya hannu, ƙararrawa ta kaɗa. Na faɗi kuɗin da muryar da nake faɗa wa kowa. Ya zaro takardar jika ɗaya, ta sefa dubu, daga cikin ƴan takardun da ya naɗe a gefen rawaninsa ya ajiye a kan tebur. Na san daga inda ta fito. Kuɗin Wule gaba ɗaya, na ji daga baya, bai kai na buhun gero ba.

Akwai abin da nake ce wa duk wanda ya kawo babbar takarda, har yara suna kwaikwayona da shi a unguwa. Na ga in ban faɗa ba, na bambanta shi da sauran. Sai na ɗaure fuska na ce:

“Tsoho, ba ka da ƙanana?”

Ya ce, “Babu, yarinya.”

Maigida, shekara uku, wannan ce maganar farko da mahaifinka ya taɓa yi mini. Na yi tsaki kaɗan yadda na saba, na sa takardar a aljihun injin, na zube masa canjinsa a kan tebur. Ya tsaya ya duba shi tsaf, bai yi sauri ba, ya kwashe. Na ce na gaba. Sai da mutum uku suka wuce sannan na ce wa Magaji zan zagaya, na shiga mangaza, ɗakin ajiya, bayan buhuna na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Sun ci tuwo a daren. Haladu bai warke ba, amma ya sha kunu ya riƙe shi, jiya har ya tambayi Dija ina alewarsa. Maganar tafiya kudu ta mutu. Kuɗin zai kai su wani lokaci in a wurinmu suke awo, abin da zai biyo baya sai mu ga abin da Allah zai yi, da abin da za ka iya aikowa. In za ka aiko, ka aiko wa Inna, kada ya bi ta hannuna.

Game da Wule, ba zan ce maka fari ne kaɗai ya ci ta ba. Da ban sauko daga kujerar nan a watan Disamba ba, da kuɗin awaki sun riƙe su, wataƙila da ta ga damina. Da hannuna na sa ta a aljihun inji. Ka yi fushin da za ka yi, ina nan, zan ɗauka.

Inna ta zo jiya da igiyar Wule a naɗe. Ta ce Baffa ya ce a kai wa matar ɗansa ta ajiye wa abin da za ta haifa, wata rana za a sami abin ɗaurawa. Na rataye ta a kan ƙusar da kake rataye rigarka. Na tambaye ta ko ya ce wani abu game da kanti. Ta ce ya ce yarinyar nan ta Agye ba ta da ladabi ko kaɗan, ko gaisuwa ba a koya mata ba, amma ba ta cuci kowa a canji ba, kasuwa mai zuwa ma wurinta zai koma.

Ka gai da Ɗanlami in ya iso, ka ce ya daina sa takarduna a hula. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Ni ce matarka a gida, a bakin kes kuwa yarinyar Agye,
Batulu